Kofin da Inna Take Haɗawa

Allurar ma'auni ta ƙi matsawa, sai ma baya da ta ɗan ja. Mai jego ta dubi ɗanta a kan farantin awo na asibiti, ƙafafu kamar tsinken ashana.

Nas ta ce, "Ba shi nono in gani." Ta zuba ido, ta girgiza kai. "Kan nonon kawai yake tsotsa, shi ya sa kike jin zafi, shi kuma ba ya ƙoshi." Ta nuna mata yadda za ta jira ya wage baki, ta manna haɓarsa da nonon, ya cika baki da shi. "Duk sanda ya nema ki ba shi. Ban da ruwa, ban da komai. In kun dawo bai ƙaru ba, kwantar da ku zan yi."

A gida, surukarta ta riga ta yanke hukunci. Inna ta ce nonon ne tsinkakke, da gani babu maiƙo. Ta dama ruwa da sukari a kofin tangaran, ta tura wa mai jego da cokali.

"Ki ɗura wa maigidana. Duk 'ya'yana da shi na raine su."

Mai jego ta shiga ɗaki da kofin, ta tarar da mijinta, Tela, yana zura zare a allura. Mutum ne da in gida zai kama da wuta sai ya tambaya ko an sanar da Inna. Irinsu sun fi masu mugun shawara ɓarna, domin sun san gaskiya, lallaɓawa ce kawai sana'arsu.

"Ka ji abin da nas ta ce. Je ka faɗa wa Inna."

"Haba, ki bar ta mana. Ruwa ne da sukari, me zai yi wa mutum?"

"Ba ya komai?"

"Ko kaɗan."

Ta tura ƙofa da ƙafa, ta miƙa masa kofin. "To bismillah."

Ya dubi ƙofa, ya dubi kofi, ya auna wanne ya fi sauƙi. Ya shanye.

Da Inna ta ga kofi ƙal, sai ta ƙara hannu. Safe, rana, yamma. Ta sa madarar gari, ta koma babban kofi. Mai jego na zaune tana shayar da ɗanta har ya saki nono da kansa, Tela na tsugune bayan keken ɗinki yana kurɓa da cokali, don Inna ta ji ƙararsa daga waje. Kafin ranar awo sai da ya farke ƙugun wandonsa ya ƙara masa ƙyalle.

Ranar komawa su uku suka je. Allura ta yi gaba, nas ta ce madalla. Mai jego ta sauke numfashi, ta yi niyyar barin Inna da farin cikinta.

Amma Inna ta juya ga layin mata. Akwai wata yarinya a ƙarshen benci, rungume da jariri ɗan firit, idonta ya yi ja. Inna ta zauna kusa da ita.

"'Yar nan, daina kuka. Kin ga jikana? Ruwa rabin kofi, sukari cokali..."

Yarinyar har ta fara gyaɗa kai.

"Inna," in ji mai jego, "haɗinki yana sa ƙiba, wannan ba musu. Sai dai jikanki ko ɗigo bai taɓa sha ba."

"To wa yake shanyewa?"

Mai jego ta dubi mijinta. Benci gaba ɗaya ya bi idonta, ya sauka a kan tumbin da ya ɗage gaban riga.

Mai jego ta ce, "Baban yaro, ga ma'aunin manya can. Ko za ka hau Inna ta ga aikinta?"

Tela ya sosa ƙeya. "Inna, nono kaɗai yake sha. Tun farko ya kamata in gaya miki."

Inna ta daɗe tana kallon tumbin. Sannan ta dafa yarinyar nan, ta nuna mata teburin nas da haɓa. "Tashi ki je ta duba yadda yake kama nono."

Ta gyara mayafi, ta karɓi jikanta ta jinjina nauyinsa.

"Ni dai sukarina bai tafi a banza ba. Ɗana na shayar. Kai kuma ƙato, daga yau an yaye ka."