Matar Janar ɗin Bagdadiyya

Rabi'a ta sha rantsewa cewa wata rana sai ta ɗauki rediyon nan ta tsoma shi a bahon wanki. Ba ta yi ba dai, amma Allah ya sani ta yi niyya.

Wani baƙin rediyo ne mai gajeren zango, wanda mijinta Muntaka ya saya a gwanjo. Duk ranar Laraba bayan magariba sai ya hau rufin gidan da suke haya a unguwar Nuzla ta birnin Jidda, ya zare eriya, ya yi ta murɗawa har ya kamo tashar ƙasar Sin mai watsa shiri da Hausa. A shekarar 1997 suna ba da tarihin wani sarkin yaƙinsu kashi-kashi, mutumin da ya mutu fiye da shekara dubu da ta wuce. Sunansa bai taɓa zama a bakin Rabi'a ba. Shi ma Muntakan da ya gwada ya ga harshensa ya ƙi juyawa sai ya haƙura, ya koma kiransa Janar kawai, kamar wani ɗan unguwarsu a Gumel.

Da sauraro kaɗai yake yi ai da sauƙi. Ina! Sai ya sauko ya zauna a bakin tabarma, ita ta dawo daga aiki ƙafafu a kumbure, ya soma maimaita mata tun daga farko. Wai Janar ɗan manomi ne, da kiwon dawakin sojoji ya fara. Wai ranar da aka kashe mai riƙe da tuta shi ya ɗauke ta daga ƙasa, daga nan sarki ya san da zamansa. Aka tura shi iyakar arewa, inda mahaya ke kawo hari duk kaka su kwashe hatsi, ya tsare wurin har gashinsa ya yi fari. Ba ya cin abinci sai sojojinsa sun ci. In kuma yaƙi ya ɓaci aka ja da baya, shi ne na ƙarshen ƙetare kogi.

"Malam, shi wannan Janar ba shi da mata ne?" in ji Rabi'a wata Laraba, tana shafa man zafi a gwiwa.

"Ba a faɗa ba."

"Ai ba za a faɗa ba."

Ba labarin ne ya dame ta ba, abin da ke cin ranta daban ne. Ita tana da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Kafilinta, wato wadda ta tsaya mata a wurin hukuma, wata tsohuwar Balarabiya ce a unguwar Bagdadiyya, ita take yi wa girki, kuma sai da ta sha wuya shekara da shekaru kafin takardar ta shigo hannunta. Shi kuwa Muntaka aikin Umara ya zo yi ya zauna, ko guntuwar takarda ba shi da ita. Ga shi an gama Hajji, lokacin da jawazat, jami'an shige da fice, ke bin unguwanni suna kwashe marasa takarda a mota. Mutum ya haura hamsin da biyar, in aka tasa ƙeyarsa gida ba dawowa zai yi ba, ta san wannan sarai. Abu ɗaya take roƙonsa: ya zauna a ɗaki har ƙurar ta lafa, abin da take samu ya ishe su ci.

Ya ƙi. Aikinsa wankin mota ne a wani fili bayan ofisoshin Bagdadiyya, shi da wasu mutane kamar goma, duk marasa takarda. Tun da Janar ya shiga kansa kuwa, ya mai da su runduna. Ya sa mai gadi a kowane bakin titi. Wanda ya hango motar jawazat zai buga bokiti da ƙarfi, kowa kuma ya san lungun da zai bi, kada su taru wuri ɗaya. Akwai wata katanga a bayan filin, ya tara bulo a gindinta don a ji daɗin haurawa. Ranar Juma'a, da ofisoshi ke rufe, har gwaji suke yi. Dattawa da gemu, suna gudu da bokitai a filin da babu kowa.

Turai ce ta kawo mata wannan labarin. Maƙwabciyarsu ce, haifaffiyar Jidda, iyayenta Hausawan Sudan.

"Wallahi ya ukhti, mijinki Janar suke ce masa yanzu," in ji Turai tana dariya har da riƙe ciki. "Jiya na ga Saleh gurgu yana sara masa."

Rabi'a ba ta yi dariya ba. Haushi ne ya cika ta har wuya, ga tsoro a ƙarƙashinsa.

Da safe ta tare shi a ƙofa yana ɗaure tsummokaransa.

"Malam, don girman Allah ka zauna. Shekaranjiya sun kwashe mutane a unguwar Kurayyat, har da mai jego."

"Rabi, mutanen nan da ni suka dogara. In ban fito ba tsarin ya rushe. Janar bai taɓa kwana a gari ba sojojinsa na daji."

"Janar yana da sarki a bayansa. Kai wa kake da shi? Ni ce sarkinka, ni ce dokinka, ni ce kuma zan yi kuka. Mutumin nan ya mutu tun kafin a haƙa rijiyar farko a Gumel, ka bar shi ya huta mana."

Ya yi murmushin nan nasa mai sa ta ji kamar ta fasa tulu, ya ce Allah na nan. Washegari ta ɓoye takalmansa a cikin buhun shinkafa kafin ta fita. Da ta dawo ta tarar ya tafi da silifas ɗinta na banɗaki, ruwan hoda, diddigensa a waje.

Ranar Lahadi da la'asar abin ya faru. Tana dawowa ta samu Saleh zaune a bakin matakala, dattijon nan mai jan ƙafa, riƙe da silifa ɗaya ruwan hoda. Ba sai ya yi magana ba. Ta jingina da bango.

"Hajiya, tsarin ya yi aiki," in ji Saleh, idonsa a ƙasa. "Aka buga bokiti, kowa ya bi lungunsa. Babu wanda suka samu. Ni na tsaya fama da katanga, sai Malam ya durƙusa na taka bayansa na haura."

"Shi fa?"

"Ya tsaya yana dubawa ko akwai wanda ya rage, har suka cim masa."

Ta karɓi silifar tana jujjuya ta. "Takalmin ne ya hana shi gudu?"

"A'a, Hajiya, kada ki ɗora wa kanki. Ai bai ma gwada gudu ba. Wannan ma da kansa ya wurgo min ita ta kan katanga, ya ce taki ce, in kawo miki."

Rabi'a ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ta yi kuka, ta zage shi, ta zagi Janar da dawakinsa da koginsa, sannan ta sake yin kuka.

Ta je tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida, ta yini a rana ba a bari ta gan shi ba. Ta roƙi kafilinta, tsohuwar ta ɗaga hannu ta ce, "Halas, ya Rabi'a, wanda ba shi da takarda ba shi da magana." Ranar Talata wani direba da aka saki bayan kafilinsa ya je ya karɓe shi ya zo da saƙo daga Muntaka. Rabi'a ta gyara zama. Ta ɗauka zai ce ta yafe masa, ko ya tambayi yadda ta kwana.

"Ya ce jirginsu jibi ne," in ji direban. "Ya ce kuma don Allah ki hau sama gobe ki saurar masa shirin, shi ne kashi na ƙarshe. Ki ɗauka a kaset ki aika masa Gumel."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Ya ce batirin yana cikin gwangwanin shayi."

Ta kalli mutumin har ya tsargu ya yi sallama. Turai, da ke zaune a gefe, ta dafa ta.

"Ki kwantar da hankali. Mata nawa ne a nan mazansu na can gida? Ke ga iƙama a hannu, ga aiki. Ki riƙa aika masa kaya ta hannun alhazai, in kin samu hutu ki leƙa. Haka kowa ke yi, ana rayuwa."

Gaskiya ce Turai ta faɗa, Rabi'a ta sani. Ta san matan, ta san yadda hutun ke zama na baɗi, na baɗin ya zama na baɗin baɗaɗa.

Ta yi rantsuwa ba za ta hau ba. Laraba bayan magariba sai ga ta a rufi da rediyo a cinya, tana murɗawa tana tsaki. Ya yi ta shuu, sannan muryar mai gabatarwa ta fito, wani Basine mai Hausa tsaf kamar malamin makaranta. Ya ce Janar ya tsufa a iyaka, idonsa ya raunana, sai sarki ya yi masa izinin komawa garinsu, aka raka shi da ganguna. Da ya isa ya tarar matarsa ta rasu, ciyawa har ta fito a kabarinta. Ita ta riƙe gidan fiye da shekara ashirin, ta yi jinyar uwarsa, ta aurar da 'ya'yansa, tana aika masa rigunan sanyi duk shekara. Mai gabatarwa ya ce abin takaici, masu rubuta tarihi ba su ajiye sunanta ba. Daga nan ya koma lissafa garuruwan da Janar ya ci.

"Ashe yana da ita," in ji Rabi'a ga rediyon. "Sai da ta mutu kuka tuna."

Ta kashe shi. Ƙarar motoci na tasowa daga titi, wani yana soya albasa a gidan ƙasa. Ta yi tunanin Muntaka a Gumel, a ɗakin da ya daɗe a rufe, mutumin da ko shayi bai iya haɗawa daidai ba, yana tsufa yana jiran kaya daga hannun alhazai. Ta yi tunanin kanta a nan. Haushinsa bai ragu ba ko kaɗan, amma ta gane ba za ta iya jin haushinsa daga nesa ba.

Da safe ta sami kafilinta a falo ta ce tana son a yi mata takardar fita, ta tafiya ba dawowa. Tsohuwar ta cire tabarau ta tambaye ta ko ta san abin da take yarwa. Rabi'a ta ce ta sani, ita ta sha wahalar samunsa.

Turai ta shigo ta same ta tana haɗa kaya. Ta ga ta naɗe baƙin rediyon a cikin zaninta mafi kyau, ta cusa shi tsakiyar akwati, kusa da takalman da ta ciro daga buhun shinkafa.

"Kin haukace ne, ya Rabi'a? Kaset kawai ya ce ki aika."

"Ban ɗauka ba."

"To yaya zai ji ƙarshen?"

Rabi'a ta danna murfin akwatin da gwiwa, idonta ya ciko.

"Da bakina zan gaya masa, ina kallon idonsa. In na gama kuma sai ya faɗi sunana na ji."