Maɓallin da Na Manta Ban Kashe Ba

"To yaushe za ka gaya mata?" in ji Thaddeus, tsohon makanikenmu, yana tsoma biskit a kofi. "Ko sai ta aurar da jika?"

"Ina jiran lokacin da ya dace."

"Yaro, saboda masu irin wannan maganar aka kafa sashen nan."

Gaskiyarsa. A da, sai soja su shekara suna shirin harba tauraron ɗan'adam guda. Mu an ɗauke mu ne mu mayar da shekarar kwana ɗaya. Jiya da hantsi aka bugo waya, yau ga ɗan tauraron, da bai fi ƙaramin firji ba, a kan roka yana jiran gajimare ya janye daga bakin teku. Ni kuwa Ignacio, mai kula da batirinsa, tun bara waccan nake shirin harba jimla ɗaya zuwa ga Laftana Corinne mai duba yanayi, wadda teburinta ke can gaba, ta ba ni baya. Jibi za a mayar da ita Alaska.

"Baba Thaddeus, ba a yi wa so gaggawa," na ce. "Na karanta littattafai, na sani. Cewa zan yi: Corinne, tun ranar da kika hana mu tashi saboda iska, zuciyata ke kewaya ki kamar..."

"Kamar tauraro. Allah ya sawwaƙe."

"Kamar wata, dai. Ya fi daɗin ji."

Sai na lura ɗakin ya yi tsit. Na dubi maɓallin abin maganata: fitilar koriya ce. A layin kowa nake. Kanar Whitlock ya ji, masu gadin ƙofa sun ji, har jirgin ruwan da ke bibiyar roka ya ji. Na so ƙasa ta tsage, amma siminti ne mai kauri, an gina shi don jure fashewa.

Kanar ya yi gyaran murya ya fara kiran tebura, yadda aka saba kafin kowace harbawa. Amsa biyu ce kawai: a tafi, ko a dakata.

"Man roka?"

"A tafi."

"Batir?"

"A tafi," na ce da muryar ɗan akuya.

"Yanayi?"

Corinne ba ta juyo ba, amma kunnuwanta sun yi ja.

"Gajimare ya janye, yallaɓai. A tafi. Batun wata kuma, ba a layi ake kawo shi ba. Mai shi yana da ƙafa, kuma jibi ba ni nan."

Thaddeus ya ƙware da kofi.

"Batir," in ji Kanar, ko murmushi babu, "an sake tambayarka."

Na danna maɓallin, wannan karon da gangan.

"A tafi, yallaɓai. Roka na barin ƙasa, ni ma zan bar kujerar nan."