Kada a Yi Harbi a Kabarin Saja

Wani irin ƙara ne ya tashi Tela daga barci, kamar ana jan akuyar da ta ƙi tafiya. Ƙiii, sai shiru, sai ƙiii. Da gari ya waye ya leƙa ɗakin maƙwabcinsa, tsohon sojan da unguwa ke kira Saja. Ashe gadonsa na ƙarfe ya ja shi kaɗai har jikin bangon da ya raba ɗakin da shagon Tela. Ga shi kwance yana haki.

"Haba Saja, da wannan ƙirjin naka? Ko amarya za a kawo ne?"

"Kekenka nake so in riƙa ji," in ji shi.

Kowa ya san yaƙin da Saja ya yi. Shi ne yaƙin da aka kori 'yan mamaya, wanda yara ke haddacewa a makaranta. Ba mai musun cewa yaƙin gaskiya ne.

Tela ya zauna a bakin gado. Saja na kallon rufi, ya ce:

"Mu 'yan igwa ba ma ganin mutum. Lamba ake karanto mana, mu juya, mu ja igiya, mu toshe kunne. Ranar da muka shiga garin da muka ƙwato, ana ta rungume mu. Sai na hango wani ɗaki, ba rufi ba bango, keken ɗinki a tsaye, rigar yaro a ƙarƙashin allura. Hannu ɗaya aka gama."

"Ai ba lalle harsashinka ne ya faɗa can ba."

"Haka nake gaya wa kaina tun ina da haƙora." Ya yi tari. "Ɗana zai kira sojoji su yi harbi a kabarina. Ni ba zai saurare ni ba, da hotona ya girma yana taƙama. Ka hana, Tela. Na yi ƙarar da ta ishe ni."

Tela mutum ne da ko da mai kawo ɗinki ba ya iya musu. Ya amsa dai.

Wata safiya ya gama wuyan riga, ya ƙwanƙwasa bango yadda suka saba. Ba a ƙwanƙwaso ba.

A maƙabarta sojoji suka jeru, takalma na sheƙi. Tela ya matsa kusa da ɗan Saja.

"Ɗana, babanka ya ce kada a harba."

"Baba Tela, zafin ciwo ne. Ai haƙƙinsa ne."

"Nasa ne. Shi ya sa ya iya cewa ba ya so."

Ɗan ya dubi kabarin. Can ya je ya raɗa wa shugaban sojojin, wani mai furfura. Mutumin bai ko tambayi dalili ba, ya gyaɗa kai kamar wanda ya saba jin haka. Bindigogi suka sunkuyar da baki ƙasa. Aka rufe Saja, ba a jin komai sai shebur.

A hanyar komawa, mai wankin unguwa, wanda a garin da aka ƙwato ɗin aka haife shi, ya ce a hankali, "To da su Saja ba su zo garinmu ba fa, ina muke yanzu?"

Tela na cire wani zare da ya maƙale a hannun rigarsa. Suka ci gaba da tafiya.