Abin da Ya Zube a Kan Tampol

Labarin ya shigo Unguwar Kuka ne a bakin masu dawowa daga cin kasuwa: wai jam'iyya mai alamar guga ta hana cire-cire a kasuwar Rimin Shago. Ba kuɗin ƙasa, ba kuɗin awo, ba kuɗin ɗinkin buhu, ba ɗan abin da dillali kan gutsura a bayan ido bayan ya karɓi la'adarsa. Farashin da aka faɗa maka da baki, shi za a damƙa maka a hannu. Wasu ma sun ƙara gishiri, suka ce an kori wani dillali har da mari.

Shekarar kuwa ba ta wasa ba ce. Kuɗin mota zuwa Ɗambatta ya ninka ya sake ninkawa, taki ya zama abin saye da kwano, gidajen da ke tuƙa tuwo sau biyu sun koma sau ɗaya. Kowace mace a unguwar tana riƙe da ɗan wakenta a ɗaka, shi ne kuɗin takinta na bana. In ta sayar da asara, damina ta wuce ta ke nan.

Shi ya sa suka taru a tsakar gidan Malama Safara'u, tsohuwar malamar firamare da ta koyar da rabin mazan garin kafin ta ajiye alli. Kulu, maƙwabciyarta, ita ta yi musu baki: su kwashi waken su kai Rimin Shago, ko su daure su biya mota zuwa Ɗambatta? Malama ta ce tunda take ba ta taɓa ganin jam'iyyar da ke ƙyamar karɓa ba. Ta ce kada wadda ta kwance bakin buhu, ita za ta fara kai nata.

Da la'asar sai ga Muntaka, ɗan yayanta marigayi, wanda yanzu shi ne sakataren jam'iyyar a mazaɓa. Ya durƙusa ya gaishe ta da sabuwar hula, ya yi ta zuba bayani kan matsayar jam'iyya da haƙƙin talaka. Abin da ya kawo shi dai ɗaya ne, ta ce wa matan su fito, don ana son kasuwar ta cika kafin zaɓe.

"Goggo, ke ko ruwan sama aka ce miki ana yi, sai kin miƙa hannu waje."

"Kai ma da kana ajina, kullum sai na laluba aljihunka kafin na yarda alli ya ƙare."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya tashi.

Ranar kasuwa, kafin a ɗora buhunta a amalanke, ta zazzage shi a tabarma ta auna da tiyarta, da tozo kamar yadda ake yi a kasuwa. Arba'in cif.

A bakin kasuwa an kafa ƙyalle mai hoton guga, samari masu hular jam'iyya suna kai da kawo. Ba wanda ya tare ta da kuɗin ƙasa. Wani ɗan kasuwa daga Kano ya taya, suka daidaita, dillali bai yi ƙus-ƙus da kowa ba. Har ta fara tunanin ko wannan karon tsufa ne ya sa ta zargi mara dalili. Sai aka ja buhun zuwa rumfar Badaru ma'auni, ta ga abin da ke ƙarƙashinsa.

A Rimin Shago, tun kaka da kakanni, abin da ya zube ƙasa wajen awo ba na mai kaya ba ne kuma. Ba a sunkuya a tsinta. Abin kunya ne babba, wanda ya yi za a yi shekara ana nuna shi da baki. Akan bar shi ne ga tsofaffin mata masu shara, su tattara da yamma, su sheƙe, su kai gida. Ɗan abu ne, ba ya wuce cikin tafi a buhu guda. To yau ba ƙasa ba ce a ƙarƙashin Badaru, tampol ne sabo fil, mai launin jam'iyya, samari biyu suna tsugune a bakinsa.

Badaru ya fara. Zai cika tiya, ya ɗora tozo da hannu biyu, ya ƙara, sannan ya ɗaga da wata irin girgiza ta wuyan hannu, wake ya yi tsalle ya watse shaa a kan tampol. Kowace tiya haka. Yana ƙirga da waƙa, idonsa na can wani wuri. Da buhu ya ƙare ya ce talatin da shida. Samarin suka miƙe suka kama kusurwoyin tampol.

Malama Safara'u ta taka tsakiyarsa ta zauna.

Surutu ya ɓarke a rumfar. Wani ya ce a zo a ga malama guda tana kokawa da masu shara. Wata mai ƙosai ta ce yunwar bana ba ta bar mai boko ba. Ita dai ba ta ɗaga kai ba, sai ta tambayi Badaru ina Elizabet, tsohuwar da ta yi shekara da shekaru tana share wannan rumfa. Ya ce an sallame su duka, wai suna ƙazanta kasuwa, suna can gindin dalbejiya a tasha.

Aka kirawo Muntaka, ya iso yana huci. Ya sunkuya kusa da kunnenta ya roƙe ta ta tashi, tana zubar masa da mutunci a gaban yaransa. Ya ce ba a cire mata ko kwabo ba, kowa shaida ne. Zube kuwa al'ada ce, ba jam'iyya ta kawo ta ba.

"Al'adar ta tsofaffi ce masu tsintsiya," in ji ta. "Waɗannan ƙartin su ne tsofaffin?"

"Goggo, ki tashi."

"Badaru, miƙo tiyar nan."

Ma'aunin ya dubi Muntaka, bai motsa ba. Ta miƙa hannu ta fizge da kanta. A gaban kowa ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara, ta tattara waken da tafin hannu tana aunawa tana juyewa a mayafinta. Tiya huɗu cif. Ɗan kasuwar Kano ya kau da kai yana danna waya, kamar ba kayansa ake magana a kai ba.

Muryar Muntaka ta sauya. Ya ce in ta fita da wannan ƙullin, ta sani babu macen Unguwar Kuka da za a sake taya wa kaya a kasuwar nan, kuma ƙafarsa ta bar gidanta har abada. Ta ce dama ƙafar ba ta zuwa sai da buƙata. Ta karɓi kuɗin talatin da shida, ta ɗaure mayafin, ta ɗora a ka.

Ba ta bi ƙofar da ta shigo ba, ta zaga ta bayan rumfunan awo. Can ta tarar da buhuna a jere, na gero, na dawa, na wake, kowanne da launi gauraye irin na kayan da aka tara daga hannu da yawa. Ana loda su a akori-kura. Ta gaida direban, ta tambaye shi ina za a kai. Mutumin bai ga abin ɓoyewa ba. Ya ce gidan shugaban jam'iyya, can ake ƙulla su a ƙananan ledoji masu hoton guga, na rabon mata ranar taron siyasa.

A tasha ta sami Elizabet da sauran tsofaffin zaune da tsintsiyoyinsu a cinya. Ta kwance mayafin ta ɗebo abin da ya cika tafinta biyu ta zuba wa Elizabet a zane, ta ce wannan ne haƙƙinsu a buhunta, sauran nata ne. Tsohuwar ta yi godiya, ta tofa yawu wajen kasuwar.

Da ta isa gida matan suna nan suna jira, wasu har sun ɗaure buhunansu. Kulu ta kawo mata ruwa. Ta sha, ta ajiye ƙullin a tsakiyarsu.

"Kuɗi kam ba sa cira," in ji ta. "Wake suke cira, tiya huɗu a buhu, sun fi tsohon cire-ciren tsada. Shi ne kuma za su raba muku a leda ranar taro."