Sai an Cinye Pinyon

Ranar da sunan Noemi ya fito a ƙuri'ar farautar elk, wato wata ƙatuwar barewar dutse mai girman saniya, kowa a gidan ya yi murna ban da mahaifinta. Eliseo Maestas ya karanta takardar izinin sau biyu a tsaye, ya ajiye ta kan tebur, ya fita wai zai duba tayar mota. Saniyar elk guda aka ba ta izinin harbi, a duwatsun bayan garin Chama, cikin watan Oktoba. Ya san naman saniyar elk guda yakan kai gida irin nasu har ƙarshen hunturu. Amma shi rabonsa da bindiga shekara goma sha ɗaya ke nan.

Abin da ya raba su ba ɓoyayye ba ne a garin. Wani bijimin elk ya harba, mai ƙaho reshe shida, harbin bai zauna daidai ba. Ƙa'idar da marigayi mahaifinsa ya koya masa ita ce, in ka harbi elk ya ruga, kada ka bi shi. Ka zauna inda kake, ka ɗebo ƙwayar pinyon, 'ya'yan wani itacen dutse masu ɓawo da ake ci, cikin tafi guda, ka riƙa fasa ɓawon da haƙori ɗaya bayan ɗaya, sai ka cinye sannan ka tashi. Rabin sa'a ke nan. Dabbar da ta ji rauni, in ba ta ji motsin mai binta ba, nan kusa take kwanciya ta cika. In kuwa ta ji, sai ta miƙe ta ci mil biyar da ƙarfin tsoro. Eliseo ya san duk wannan, amma ranar zumuɗi ya kwashe shi, ya bi. Bayan kwana uku hankaki suka nuna masa inda bijimin ya faɗi a cikin wani kwazazzabo, nama ya riga ya ruɓe. Warin nan har yau bai bar hancinsa ba.

Don haka ba sanyi yake ji wa 'yarsa tsoro ba, ba kuma ɓata a daji ba. Tsoronsa kada ta raunata dabba ta rasa ta, ta dawo gida da irin kayan da yake ɗauke da shi.

Tun watan Yuli ya fara shirya ta. Ya saya mata takalman hawan dutse, ya ce da su za ta riƙa zuwa kanti da coci har su saba da ƙafarta, don sabon takalmi ya fi ƙaya cizo. Kullum da yamma, in ya ajiye motar 'yan makaranta da yake tuƙawa, sai ya ɗora mata buhun wake a jakar baya su hau tudun bayan gida. Ya kafa farantin takarda a nisan yadi ɗari biyu, ya ce sai ta zuba harsashi biyar a jere a ciki, a durƙushe, tana haki. Ya ba ta 'yar kwalbar toka ta duba iska, ya koya mata cewa da sassafe iska gangarowa take daga dutse, in rana ta ɗaga sai ta juya ta hau. Elk zai iya ganinka ya yi shakka, in ji shi, amma in ya shaƙi warinka magana ta ƙare.

Yayansa Facundo yakan zo ya jingina da shinge yana kallo. "Kai, Eliseo, farauta za ka tura ta ko yaƙi? Yarinya, ya ba ki takardar jarrabawa tukuna?"

"Saura wannan, Kawu. Jiya har waken ya ƙirga, kada in rage a hanya."

Eliseo dai ya ci gaba da horonsa. Maganar pinyon kuwa ya maimaita mata ta fi sau ashirin, amma bai taɓa gaya mata dalilin ba.

Ranar farauta gari na wayewa suna can sama, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Noemi ta zazzaga toka, tokar ta bi gangare ta bayansu. A bakin wani fili suka hango garken, shanu kamar goma sha biyu suna kiwo kusa da itatuwa. Ta durƙusa, ta zaɓi wata da ba ta da maraƙi a gefe, ta jira har saniyar ta juyo mata da haƙarƙari.

Bindiga ta tashi. Garken ya watse, saniyar ta yi tsalle guda ta shige duhun itatuwa tare da sauran.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya yi taku biyu, sai ya ji an riƙe masa bayan riga.

"Baba, ina za ka?"

"Ta gudu. Mu je mu ga jini, kafin..."

"Zauna."

Ta sa hannu a aljihu ta ɗebo pinyon, ta buɗe tafinsa ta zuba masa, ta ɗebi nata. Ya dubi ƙwayar, ya dubi itatuwan da suka haɗiye saniyar, sannan ya zauna a kan dutse mai sanyi. Ƙwaya biyu suka faɗi cikin ciyawa. Ta ce ta ga inda harsashin ya shiga, bayan kafaɗa. In ma idonta ne ya yaudare ta, to zaman ya ƙara zama dole.

"In kuma ba mu same ta ba fa, 'yata?"

"Sai mu nema har rana ta faɗi, gobe mu dawo. Amma dai ba mu muka tashe ta ba."

Suka shiga fasa ƙwayar, ba a jin komai sai ƙas-ƙas ɗin ɓawo. Can wajen rabin tafi ya fara ba ta labarin bijimin, da hankakin, da warin. Ta bar shi ya kai ƙarshe, sannan ta ce Kawu Facundo ya gaya mata tun tana 'yar shekara goma, amma ta fi son jin na bakinsa.

Da tafinsu ya zama fanko ta ɗaura ƙyalle ja a reshen da ke kansu, don su gane inda ta yi harbin, suka gangara. A bakin itatuwa suka ga jini mai haske da kumfa a kan ganye, alamar huhu. Taku tamanin da wani abu suka yi. Saniyar tana kwance a bayan wani faɗaɗɗen itace, ƙafafunta a naɗe, jikinta da ɗumi.

Eliseo ya cire hula ya yi alamar gicciye. Ya daɗe a tsaye yana shaƙar iska, ba komai a cikinta sai ƙamshin itatuwa da na dabba mai lafiya. Ya zaro wuƙarsa ya miƙa wa Noemi ta wajen ƙota, don aikin fiɗa da dakon nama har mota yana gabansu.

Ta karɓa tana kallonsa ta gefen ido. "Na gan ka fa, Baba. Ƙwayoyin ƙarshen nan da ɓawonsu ka haɗiye don sauri."

"Uku ne kawai," in ji shi. "Riƙe ƙafar nan da kyau. Kuma kada kawunki ya ji."