Ranar da Auta Ta Ci Abincin Zomaye

Tela ne, amma a layinsu Mai Zomo ake ce masa, saboda kejin da ya jera a bayan gida. Ƙanwar matarsa tana aiki a inda ake matse man habbatussauda, ita ke kawo masa tunkuzar da ta rage. Yakan niƙa ta, ya gauraya da dusa da wani farin gari da likitan dabbobi ya ba shi, mai ƙwayoyi masu rai da ke gyara hanji. Tun da ya fara haɗin, 'ya'yan zomayen suka daina zawo, suka yi ɓul-ɓul.

Ran nan aka kawo sabon buhun tunkuza, ya haɗa ya zuba musu. Matarsa ta tafi aiki, ta bar masa Auta, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Da rana ta take ya tashi daga kan keken ɗinki ya leƙa baya. Zomaye duk sun miƙe a kwance suna haki, biyu ma ba sa motsi. Ko guba ce a sabon buhun nan?

Sai ya ji motsi a bayansa. Auta ce zaune dirshan gaban kwanon haɗin, bakinta baƙi ƙirin, tana tauna.

"Tofar! Auta, tofar!"

Ya cusa yatsa a bakinta, ta cije shi, ta ɓarke da kuka. Ya saɓa ta a kafaɗa ya fita da gudu, takalmi ƙafa ɗaya. Duk sanda ta yi shiru sai ya jijjiga ta, don kukanta ya fi masa shirun.

A asibiti ya kasa haɗa magana. "Ta ci... zomaye na mutuwa... ita ma ta ci."

"Zomon ta ci?" in ji nas.

"Abincinsu!"

Nas ta karɓe ta, ta duba idonta da numfashinta, ta sa ya kira likitan dabbobi. Likitan ya ce garin ba ya kisa, amma tunkuzar sai ya gani da idonsa. Nan take likitan ya nufi gidan.

Mai Zomo ya zauna a benci, idonsa a kan cikin yarinyar yana hawa yana sauka. Da wayarsa ta yi ƙara sai ya ɗauka da sauri.

"Tunkuzarka lafiya lau," in ji likitan. "Bututun ruwansu ne ya toshe, ga zafi. Biyu sun mutu, sauran sun sha sun tashi."

Da yamma, da aka ga Auta lafiya ƙalau, aka sallame su. A ƙofar gida suka tarar da matarsa, maƙwabta sun riga sun fesa mata labari. Ta karɓi Auta ta ƙanƙame, sannan ta miƙo ɗaya hannun ta riƙe nasa.