Cokali a Kujerar Mai Ganga

Shekara da shekaru su Rangga suna kiɗa a garejina a Bandung ta ƙasar Indonesiya, ba su da mawaƙi. Jita takan fara a hankali, ta yi ta hawa, a ƙarshe mai gangarsu Kang Dadan, wato Yaya Dadan, ya saki ganguna kamar ruwan sama. Wannan ƙarshen ne rabonsa.

Ranar naɗar sabon faifai, wani mai tallan bakso, miyar curin nama, ya gifta yana buga cokali a jikin tasa, ƙarar ta shiga na'ura. Rangga ya saurara ya ce, "Kang, ga sabon salonmu. Hayaniya ta tsufa."

Dadan ya ce, "Ni ne hayaniyar? To ba shi kujerata, kwa sha miya kyauta."

Suka yi dariya, shi bai yi ba. Daga ranar Dadan bai sake zuwa ba. Faifan ya fito babu ganga. Na saurara har ƙarshe ina jiran ruwan, bai sauko ba. Su dai, ci gaba suke kiran wannan, ni butulci na gani. Gangunan suna nan a garejin lulluɓe da tabarma, Rangga bai taɓa tambayar mai su ba.